Shekara 50: lissafin da ɗan kasuwa da ma'aikaci suke mantawa



Ɗan kasuwar Maraɗi ya san farashin buhun albasa tun daga Galmi har Abijan. Ma'aikacin gwamnati a Yamai ya san shekarun da suka rage masa kafin ya aje aiki. Amma in aka tambaye su awon jininsu na ƙarshe, sai a ji shiru. Alhali wannan lissafi ne ya kamata ya zo gaban sauran, domin ranar da mai gida ya faɗi, shago da albashi da kuɗin makarantar yara duk tare suke faɗuwa.

Hawan jini, wanda ake ce wa tansiyo, ba ya yin sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da mutum biliyan 1 ne ke fama da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. In awo ya kai 14 bisa 9, kuma aka sake samun haka a wata rana dabam, to ciwon ya kama. Sannu a hankali yake cinye jijiyoyi, har wata safiya rabin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza. Mutane su ce jifa ne, ko iska. Haka ciwon sukari yake: gram 1,26 a litar jini kafin karin kumallo ya isa a koma wurin likita.

Mafarin abin yana cikin zaman yau da kullum. Alhaji ya wuni zaune a shago, ma'aikaci ya wuni zaune a biro. Daga ƙofar gida sai moto. Da dare a haɗu a fada, a sha shayi hawa uku da sukari jingim, a ci tsire mai kitse, a kunna taba. A gida kuma, miya ta sha gishiri da dunƙule. Teɓa ta fito, a ce arziki ne ya zauna.

Gyaran ba ya bukatar jari. Gishirin yini guda kada ya kai gram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da kilishi. Tafiyar ƙasa da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ta cika minti 150 da masana suka tsayar. Bayan sallar asuba ne lokacinta, kafin rana ta yi zafi. A rage sukari a shayi da fura. A koma ga gero da wake da kwaɗon zogale, cimar da aka raina don an samu abin hannu. Taba kuwa a rabu da ita: tun 2006 doka ta hana shanta a wuraren taruwar jama'a.

Wanda aka ɗora bisa maganin tansiyo kada ya aje shi don ya ji sauƙi, domin maganin yana riƙe ciwon ne, ba ya kashe shi. A guji ƙwayoyin ƴan talla da suka sha rana a faranti. Masu kashe ciwon gaɓoɓi, in aka dawwama a kansu, suna lalata ƙoda.

Hukuma ma da nata kason. A 2006 an ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, kuma an yaba. Amma uban da ke ciyar da su, maganinsa na kowane wata daga aljihunsa yake fita. Ya dace ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwa su sa awon shekara-shekara cikin kokensu, kamar yadda suke sa albashi da haraji. Kafin nan, kowace babbar kasuwa tana iya haɗa kuɗi ta sayi na'urar awo, ta gayyato ma'aikacin lafiya ranar kasuwa.

Wanda ya haura 40, ya je a auna shi cikin wannan wata, ya tafi da uwargida. Allah ya sa a tsufa da ƙafafu.