Motar tsere a titunan Abuja

Wanda ya taɓa jin rugugin Mustang ko Porsche cikin dare a titin Shehu Shagari ya san Abuja na da masoya motar tsere. Riƙonta dai sai mai ƙarfin hali. Cikinta dab da ƙasa yake, kowane tudun rage gudu sai direba ya karkace ya hau a hankali, ko bamba ta karce. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, cika tanki ya zama aiki. Gyara fa? Bakanike a unguwar Apo zai jona kwamfuta ya gano cutar, amma kayan sai an yi odarsu daga waje da dala, motar na lulluɓe da tamfol makonni.