Eka Ko Hekta: Mu San Girman Gonakinmu Da Abin Da Ke Rubuce A Kansu



Da yawa daga cikinmu aiki ko fatauci ya zaunar da mu a Kano, Kaduna, Abuja ko Ikko, amma da wuya a sami wanda ba shi da gona a gida, ta gado ko ta saye, a Bunkure ko Barkum, Gurjiya ko Kumurya. Idan aka tambaye mu girmanta, amsarmu ba ta wuce "za ta yi kadada biyu". To, wace kadadar? A kafofin watsa labarai wani ya kan ce kadada yana nufin eka, wani kuma yana nufin hekta, alhali tsakaninsu akwai tazara mai yawa. A kan wannan tazara muke so mu yi magana, domin kuɗi ce.

Awon gona domin karɓar haraji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Kafin zuwan Turawa a 1903, talakawa suna biyan kuɗin ƙasa, masu noman rani suna biyan kuɗin rafi, marina irin na Kura suna biyan kuɗin karofi, makiyaya kuma jangali. A zamanin Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, aka shigo da tsarin taki, inda malaman taki suke zaga gona suna ƙirga takunsu a tsawo da faɗi, su rubuta sunan mai ita, sannan a yanka masa haraji gwargwadon girmanta. Tun daga lokacin, abin da alƙalami ya rubuta ya fi abin da baki ya faɗa ƙarfi. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, amma aikin noman rani ya riga ya zo mana da nasa awon.

A zamanin Gwamna Audu Bako aka fara gwaji a Kadawa, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kana a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. An tsara kashin farko na aikin zai shayar da kimanin hekta 22,000 a yankin Kura, Garun Malam da Bunkure. Da aka zo shimfiɗa shi, an auna gonakin iyayenmu, an baje ƙasa, an cire wani kaso domin magudanan ruwa da hanyoyi, aka mayar wa kowa nasa a sabon fasali. Ke nan iyakar da kakanmu ya sani da gamba ko bishiyar ɗorawa ba lallai ta dace da wadda ke cikin taswirar hukuma ba. Bisa wannan taswira da rajistarta ake lissafin kuɗin ruwa.

Yanzu sai mu riƙe lissafin da kyau. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsawo da mita 100 a faɗi, wato murabba'in mita 10,000. Eka ɗaya kuwa murabba'in mita 4,047 ce, kusan mita 64 a kowane ɓangare, abin da manoma ke ƙiyastawa da taki 70 tsawo, 70 faɗi. Saboda haka hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Ga waɗanda suka saba da fulotin birni mai ƙafa 50 da 100, eka tana ɗauke da irinsa takwas da ɗoriya, hekta kuma fiye da ashirin da ɗaya.

Mu ɗauki misali kawai, a ce kuɗin ruwa naira 10,000 ne a kan kowace hekta. Mai eka uku, hekta ɗaya da ɗigo biyu ke gare shi, don haka abin da zai biya bai fi naira 12,000 da 'yan kai ba. Amma idan aka yi kuskure aka rubuta masa hekta uku, naira 30,000 za a nema a wurinsa kowace kaka. Haka nan wanda ya aiko kuɗi daga birni a saya masa "kadada biyu" yana zaton hekta, aka ba shi eka, bai sami ko rabin abin da ya biya ba. Wannan ruɗani yana bin mu har wajen sayen takin zamani da iri, da jingar tarakta, da neman rance.

Matsala ta biyu ita ce suna. Gonaki da dama har yanzu sunan kakanni suke ɗauke da shi a rajista, alhali an raba gado sau biyu ko sau uku, wani ya sayar, wani ya ba da jingina, wani haya. Idan bashin ruwa ya taru, wa za a bi? Da yawa daga shari'un da ke raba zumunci a garuruwanmu daga irin wannan suke farawa. Ba mu kuma ce a guje wa biya ba. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara magudanai tare da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma idan ba a biya kuɗin ruwa ba, yashi da kachalla ne za su sake cinye su. Abin da muke nema shi ne kowa ya biya daidai ƙasarsa, ba ƙari ba ragi.

Don haka muna ba da shawara huɗu. Na farko, duk wanda ya zo gida bikin salla ya sa a auna gonarsa a gaban mai unguwa da maƙwabtan iyaka. Wayar hannu ma tana iya ba da ƙiyasi, amma awon ma'aikacin safiyo shi ne hujja. Na biyu, ya je wurin ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashensa ya duba sunan da girman da aka rubuta. Na uku, kowace takardar ciniki ko haya ta faɗi ƙarara eka ce ko hekta, da wanda zai biya kuɗin ruwa, a kuma adana rasit. Na huɗu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara. Mu neme ta tun iyayenmu da suka san iyakoki suna raye.

Muna kuma roƙon wannan ƙungiya ta kafa kwamiti daga cikin 'ya'yanta masana safiyo, lauyoyi da malaman gona, su riƙa taimaka wa 'yan'uwa, musamman mata da marayu, waɗanda rabonsu ya fi saurin salwanta. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya albarkaci ƙasarmu da zuriyarmu, ya ba mu damina da rani masu albarka.