Laka Ba Ta Ɗoruwa: Abin da Jinyar 'Yar'uwarmu Ta Koya Mana

Jawabin kwamitin jinya a taron cikar ƙungiyarmu shekara 10



Uwar ƙungiya, shugabarmu da mataimakiyarta, ma'aji, sakatariya, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu da mazajenmu da suka amsa gayyata, da 'ya'yanmu da ke can baya suna jiran a raba abinci, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Ma'aji ta karanto lissafi, mun ji riba, mun yi tafi. Yanzu kuma an ce mu 'yan kwamitin jinya, mu shida, mu tashi mu kawo namu. Wannan takarda da hannunmu muka rubuta ta, mu da shekara huɗu baya dangwala yatsa muke yi a littafin adashi. Malama ta duba ta gyara mana ƙa'idar rubutu. In kun ji tuntuɓe a karatun, a yi mana uzuri.

Duk kun san 'yar'uwarmu mai kayan miya. Ga ta nan gaba a kan kekenta. Ita ta ba mu izinin wannan magana, ta ce a faɗa duka, kada a rage komai don kunya.

Shekara biyu ke nan, da damina, ta dawo daga sarin kaya da sassafe. A daidai ƙofar kasuwa mota ta bugi adaidaita sahun da take ciki, ta faɗo ta bugu da bayanta a gefen kwalbati. Mu ne muka fara isa kanta. Tana kwance tana salati, tana cewa bayanta, bayanta. Ba jini, ba karaya a hannu ko ƙafa. Wallahi mun ga tana motsa yatsun ƙafarta da idonmu. Sai muka yi abin da kowa ke yi. Biyu suka kama hannuwa, biyu suka kama ƙafafu, tsakiyar jikin na lilo, muka naɗe ta muka zaunar a wata adaidaitar, muka bi hanya mai ramuka zuwa gida. Kafin mu isa, ƙafar ta daina motsi.

Daga nan aka kira mai ɗori. Ya ja, ya danna, ya ɗaure. Kwana tara ana haka. Wasu na cewa jifa ne, wasu na cewa iska ce ta taɓa ta. Sai da fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, sannan aka tafi asibiti. Da aka yi hoto, likita ya nuna mana inda ƙashin baya ya karye ya danne laka. Muka tambaye shi, likita, ɗaukar da muka yi mata ce ta jawo? Ya ce ba wanda zai iya raba mana nawa ne na haɗari, nawa ne na kumburi, nawa ne na ɗauka, amma irin wannan ɗaukar tana ƙara ɓarna. Ranar ba wadda ta iya cin abinci a cikinmu. Garin neman gira, ƙila mun taimaka an rasa ido. Shi ya sa muka ɗauki alkawari ba za mu bar wata a cikinku ta zauna cikin rashin sanin da muka zauna ba.

To, mece ce laka? Kowace mace a nan ta san ta. Ranar layya, in mahauci ya sara ƙashin bayan rago, akwai wani farin abu mai laushi kamar igiya da ke bi ta tsakiyar ƙashin. Ita ce. Ta ɗan Adam kaurinta bai wuce ɗan ƙaramin yatsa ba, tsawonta kuma wajen santimita 45, ba ta kai rabin yadi da yawa ba. Daga ƙwaƙwalwa ta taso, ta bi ta cikin ƙashin baya, wanda shi kuma ƙasusuwa ne guda 33 da aka jera kamar carbi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma a haɗe suke can ƙasa. Jijiyoyi na fita daga jikinta dama da hagu zuwa ko'ina. In kin ce ƙafa ta taka, ta nan saƙon ke sauka. In ƙaya ta soke ki, ta nan labarin ke hawa. Kamar babbar wayar lantarki ce ta unguwa: inda ta tsinke, duk gidajen da ke gaba da wurin sai duhu.

Saboda haka wurin da aka ji raunin shi ke nuna abin da za a rasa. In a ƙugu ne ko tsakiyar baya, ƙafafu ne ke shanyewa, da riƙon fitsari da bayan gida. In a wuya ne, har da hannuwa. In can saman wuya ne, numfashi ma sai an taimaka. Kuma ba duka ne ke tsinkewa gaba ɗaya ba. Wani lakarsa ta ƙuje ne kawai, da sauran ji ko ɗan motsi, kuma irin wannan yakan samu sauƙi sosai, musamman a watannin farko. Amma abin da ya kamata mu riƙe shi ne: ƙashi yana ɗoruwa, laka in ta tsinke ba ta ɗoruwa. Ba mu raina sana'ar kowa ba, amma wuya da gadon baya ba wurin ja da danna ba ne.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka a duniya, kuma yawanci haɗarin hanya da faɗuwa ne sanadi. Har rana aka ware masa, 5 ga Satumba. A ɗakin da aka kwantar da 'yar'uwarmu da na kusa da shi mun ga wanda ya faɗo daga bishiyar mangwaro, da magini da ya faɗo daga bene, da ɗan dako da santsi ya kwashe da buhu a ka. Mu da muke ɗora wa 'ya'yanmu kaya fiye da ƙarfin wuyansu, mu yi tunani. Akwai kuma wanda ba haɗari ba ne. Tarin fuka yakan shiga ƙashin baya ya cinye shi a hankali. Mutum na ciwon baya wata da watanni, yana rama, yana zufa da dare, har ƙusumbi ya fara fitowa, ƙafa ta fara nauyi. Wannan yana da magani in an je da wuri, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Yanzu ga abin da za a yi in haɗari ya faru a gabanki. Mu faɗa a hankali, masu biro su rubuta.

Na ɗaya, duk wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, ko yana jin kamar ana tsira masa allura a hannu, a bar shi a kwance yadda yake. Kada a zaunar da shi, kada a ce tashi mu gani, kada a ɗaga kansa a ba shi ruwa.

Na biyu, mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu, kada ya juya. In da hular kwano a kansa a bar ta, sai in ta hana shi numfashi.

Na uku, a kira taimako. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122. Kowa ya sa su a wayarsa yau.

Na huɗu, in dole sai an ɗauke shi, ko don wuta ko don ba mai zuwa, a nemo abu shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi: ƙyaure, katako, benci mai faɗi. Mutum huɗu ko biyar su mirgina shi lokaci guda kamar gungumen icce, kai da ƙirji da ƙugu a layi ɗaya. A ɗaure shi da zannuwa a jikin katakon, a tokare kan da tsumma dama da hagu. A nemi motar da zai kwanta a miƙe. Ƙyauren rumfar mai albasa yana nan taku goma daga inda 'yar'uwarmu ta faɗi, ba wadda ta tuna da shi.

Na biyar, a wuce asibiti kai tsaye. Nan Kano muna da Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wasu garuruwan sai sun yi tafiyar yini kafin su samu abin da muke da shi a kusa.

Sai zaman gida, wanda shi ne doguwar tafiyar. Ma'aikatan jinya sun gaya mana tun farko, abin da ya fi kashe mai raunin laka bayan an sallame shi abu biyu ne: gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Mu mai lafiya in muka gaji da kwanciya ta gefe ɗaya, jiki ke gaya mana mu juya ko muna barci. Ita jikinta ba ya gaya mata. Inda ƙashi ya danne fata jini ba ya zuwa, sai naman ya mutu daga ciki. Don haka duk awa 2 sai an juya ta, dare da rana. Nan ne karatunmu ya yi mana rana. Muka sayi littafi mai layi, muka rubuta lokaci, da gefen da aka juya, da sunan wadda ta juya. In tana kan keke kuma, duk bayan minti 15 zuwa 30 takan dafa ta ɗaga jikinta ko ta karkata gefe. Safe da yamma a duba ƙugu, mazaunai, dunduniya da idon sawu. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba. Wurin zai yi duhu, ko sheƙi, ko tauri, ko zafi. In kin ga haka a ɗauke nauyi daga wurin nan take, kada a murza, kada a shafa man zafi ko toka. Shimfiɗa ta zama busasshiya, ba tattara, ko ɓarɓashin ƙuli-ƙuli kada a bari.

Robar fitsari tana son tsabta. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa, jakar ta zauna ƙasa da mara, a canza a lokacin da asibiti suka ce. Ta sha ruwa sosai. Da farko 'yar'uwarmu ƙin shan ruwa take don kada ta wahalar da mu, ashe hakan ne ke jawo ciwon. In fitsari ya yi kauri, ya yi wari, ga zazzaɓi, sai asibiti. Bayan gida a sa masa lokaci ɗaya kullum, a yawaita ganye, zogale, wake da 'ya'yan itatuwa. Ƙwai da kifi na taimakon fata.

Da hunturu mun yi wani kuskuren. Aka ajiye mata kaskon gawayi kusa da ƙafa don ɗumi, ta ƙone ba ta sani ba, sai ƙauri aka ji. Ruwan wanka ma a gwada da hannun mai lafiya tukuna. Kullum kuma a lanƙwasa gaɓoɓi a miƙe yadda masu gashin ƙashi suka koya, don kada su sandare. Wanda rauninsa ke wuya ko saman ƙirji, in ya ce kansa na sarawa farat ɗaya, yana zufa, hanci ya toshe, jininsa ne ya hau. A zaunar da shi tsaye, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari ta toshe ko ta lanƙwashe, a nemi likita da gaggawa.

Akwai ciwon da ba ya fita a hoto. Wata uku da komawarta gida, masu dubiya suka ɗauke ƙafa. Ta daina magana, ta juya fuska bango. Wata rana ta ce mana da ma a wurin ta mutu. A daidai wannan lokacin ne kuma, mu faɗi gaskiya, aka kawo shawara a taronmu cewa a cire bashin da ƙungiya ke bin ta daga ajiyarta, a ba wata rumfarta, a rufe shafinta. Wasunmu da ke tsaye a nan mun ɗaga hannu. Uwar ƙungiya ce ta ce, in haka ne a canza wa ƙungiyar suna, a kira ta ƙungiyar masu ƙafa. Aka ɗaga mata biya shekara guda, 'yarta ta riƙe rumfa, muka yi karo-karo aka sayi keke. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Tata ƙafar ta tsaya, to tamu fa?

Yau ita ke riƙe da lissafin rumfarta, ta waya take sari, kwana uku a mako tana kasuwa, ta biya bashinta har kwabon ƙarshe. A ajinmu ta fi mu duka iya lissafi. Masu sauraron waƙoƙin Yarabawa sun san Yinka Ayefele, wanda haɗarin mota ya taɓa lakarsa a 1997. A kan keke ya yi suna, har ya buɗe gidan rediyo a Ibadan. Mazajenmu kuma ku ji da kyau: mace mai raunin laka matar aure ce kamar kowa, al'adarta na dawowa, tana iya ɗaukar ciki ta haihu da kulawar likita. Mijin 'yar'uwarmu shi ke juyin ƙarfe 2 da na ƙarfe 4 na dare har gobe. Allah ya saka masa.

Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi hanyar keke. Wa'adin ya wuce. Kafin mu nuna wa wani yatsa, ofishinmu matakala uku ne da shi, yau ma ɗaukar ta aka yi aka shigo da ita.

Don haka muna roƙon taro ya amince da abu huɗu. A yi gangaren siminti a ƙofar ofis kafin damina. A buɗe asusun jinya, kowace mamba naira 200 a mako. A rubuta a dokokinmu cewa duk wadda lalura ta kwantar, za a ɗaga mata biyan bashi kuma ba za a taɓa rumfarta ba. Sannan a gayyato ma'aikatan jinya su koya mana ɗaukar mai rauni a aikace, mu da 'yan dakonmu da masu adaidaitan da ke ƙofar kasuwa. Sakatariya na da takardar, bayan cin abinci za a kaɗa ƙuri'a. Wannan karon kowa da biro za ta sa hannu.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu a hanya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.