Jawabi Ga Mutanen Nasarawa A Kan Littafin Ƙidayar Cuta



Maganarmu yau a kan littafin nan ce da malamin asibiti ke rubuta marasa lafiya. Bisa tsari, in kwalara ko sanƙarau ko ƙyanda ta ɓulla a Nasarawa, sai ya kai labari cikin awa 24 ga jami'in ƙaramar hukumar Chikun, shi kuma ya aika ma'aikatar lafiya ta jihar Kaduna, daga can sai hukumar NCDC a Abuja.

Kada wani ya raina littafin nan. A 1854 kwalara ta auka wa wata unguwa a Landan. Likita John Snow ya bi gida gida yana ƙirga mamata, ya ga yawancinsu famfo ɗaya suke sha, mahukunta suka cire hannun famfon. Watau ƙidaya ce ta nuna inda cuta ta fito.

A 2021 kuwa kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya. Wanda ya mutu a gida ba a kai shi asibiti ba, wane littafi ya shiga?

Don haka muna neman abu biyu. Hukuma ta riƙa manna ƙidayar kowace unguwa mako mako, da Hausa da Turanci, a ƙofar asibiti. Mu kuma mu daina ɓoye mai amai da gudawa, gama wanda ba a rubuta ba, ba a aiko wa unguwarsa magani.

Allah ya tsare mu, amin.