Waya ɗaya ba ta riƙe ƙasa: jawabi ga jama'ar kan iyaka

Iyayenmu, ƴan uwa maza da mata na Ɗan Isa, Madarunfa, Matamaye da Magariya, sannunku da zuwa.

Yau maganar kuran za mu yi. Tela ya san abin da ɗaukewar wuta take jawo mashi ana gobe salla. Mai walda ya sani, mai saida ƙanƙara ta sani. Amma kafin ku jefa ƙuri'a, ya kamata ku san hanyar da wutar ke bi kafin ta iso gidanku.

Aikin kashi uku ne: a samar da wutar, a yi jigilarta, a rarraba ta. Jigilar ita ce ta manyan wayoyin nan da kuke gani bisa dogayen turakun ƙarfe cikin gonaki. Ana ɗaga ƙarfin wutar har kilovolt 132 don kada ta zube a hanya, sannan a rage shi a tasha kafin ta shiga unguwa.

A 2020, fiye da rabin wutar da NIGELEC ta raba daga Najeriya aka sayo ta. Layi ɗaya ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Namu kuma daga Katsina yake shigowa, ya sauka Gazawa, ya rabu biyu: reshe ɗaya Maraɗi, ɗaya Damagaram. Agadas da Arlit suna dogara da gawayin SONICHAR. Diffa ita ma da nata tsarin daban. To ga matsalar: waɗannan yankuna ba a haɗe suke ba. An buɗe tashar Gorou Banda mai megawat 80 a 2017, amma in layin Katsina ya samu matsala, wutar can ba ta da hanyar zuwa nan.

Wani abu kuma, manyan wayoyi ba rumbu ba ne, ba su ajiye wuta. Abin da aka samar a wannan daƙiƙa shi ake sha a wannan daƙiƙa. Lokacin bazara, kowa ya kunna fanka da firji, buƙata ta wuce abin da layi zai ɗauka, sai ma'aikata su yanke wa wata unguwa don kada duka ya faɗi. Saboda haka ba yaron da ke hawa poto cikin rana ne abin zargi ba. Tambayar tana wajen masu tsara aiki da masu riƙe da baitulmali.

Duk mai tsara layukan wuta yana da tambaya guda da zai yi wa kansa: in wannan waya ta tsinke yau, ta ina wuta za ta bi? Manomin kirki ba ya zuba hatsinsa duka a rumbu ɗaya. Madatsar Kandaji da aka ce za ta ba da megawat 130, tun 2008 aka aza tubalinta, har yau jira muke. Kuma a 2020, ko mutum ɗaya cikin biyar bai samu kuran ba a ƙasar nan.

Ga abin da jam'iyyarmu za ta tsaya a kai. Na ɗaya, a haɗa yankin kogi da namu, kowa ya iya agaza wa ɗan uwansa. Na biyu, a gaggauta babban layin kilovolt 330 da zai haɗa Najeriya, Nijar, Benin da Burkina Faso. Na uku, a ƙara tashoshin hasken rana irin ta Malbaza, tunda rana ba sayo ta muke ba. Na huɗu, a duba turaku da wayoyi kafin iskar damina, ba bayan sun faɗi ba. Na biyar, in dole a yanke wuta, a sanar a rediyo da Hausa, da rana da awa. Sannan ƙauyen da waya ta ratsa gonarsa, shi ma a ba shi hitila.

Ba mu ce a raba gari da Najeriya ba. Ƴan uwanmu ne, kasuwarmu ɗaya, aurenmu ɗaya. Amma mai gida ba ya kwana da dogaro ga garwashin maƙwabci kaɗai.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, har da namu, ku tambaye shi: wane layi, daga ina zuwa ina, da wane kuɗi, a wace shekara? Ranar 27 ga Disamba 2020, kowa ya ɗauki katinsa ya fito da wuri. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kai mu ranar lafiya.