Tukunyar Miya da Lafiyar Ƙoda



Duk mai bin Titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi ya san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da ke Ƙaramar Hukumar Tarauni, inda aka fara dashen ƙoda a shekarar 2002. A nan ne ake kai waɗanda ƙodarsu ta gaza domin wankin ƙoda, sau 2 ko 3 a mako, kowane zama kimanin awa 4. Kuɗin wannan jinya kan cinye albashin ma'aikaci, har ya kai ga sayar da gona ko gida. Alhali kuwa sau da yawa asalin cutar daga tukunyar miya yake.

Ƙoda matata ce. Kowace ɗaya tana ɗauke da ƙananan matatai wajen miliyan 1, kuma su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 kullum. Manyan abubuwan da ke lalata su biyu ne, watau hawan jini da ciwon sukari. Ɓarnar kuwa a ɓoye take tafiya, shekara da shekaru, ba tare da wani zafi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. To, uwargida takan zuba gishiri, ta marmasa dunƙule, ta jefa kanwa, sa'an nan maigida ya ƙara yajin tsire da dare. Dukkansu sinadarin sodiyam suke ɗauke da shi, wanda yawansa ke tayar da jini. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta sun isa su ba miya ɗanɗano idan aka rage sauran.

Har wa yau, a rage lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa, a koma ga gero, dawa, wake, zogale da rama. A yawaita shan ruwa a lokacin bazara, a kuma guji shan maganin ciwon jiki ko jiƙo barkatai. Amma wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu, likita ne kaɗai zai tsara masa abinci da ruwan sha.

Daga ƙarshe, mai hawan jini ko ciwon sukari ya riƙa gwajin jini da fitsari ko da sau ɗaya a shekara, domin awo ne ke tona cutar tun tana da magani.

Allah ya ba mu lafiya, amin.