GASHI MAI BUSHEWA DA CURƊEWA: MI KE KAWO SHI, MINE NE MAGANINSHI?

Jawabi ga mata masu karatun yaƙi da jahilci

 

Yau zancen gashi za mu yi. Na san wasu za su ce wannan zancen ado ne, na ƴan mata. A'a. Akwai zancen lafiya cikinshi, akwai na kuɗi, har akwai na rai, za ku ji in mun kai can.

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na busowa daga hamada. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. To, abin da ya samu dunduniya shi ke samun gashi. Iskar ba ta da laima ko kaɗan, sai ta tsotse ruwan da ke cikin gashi, ta bar mishi ƙura.

Ku dubi jinkar ɗaki. Bunu na kwance bisa bunu, ruwa ya zubo ya wuce. Silin gashi ma haka Allah ya yi shi. Yana da ɓawo ƙanana-ƙanana da ido ba ya gani, suna kwance bisa juna. In suna kwance, gashi na da santsi da sheƙi. In sun tashi, kamar jinkar da iska ta yamutsa, sai wannan sili ya kama wancan. Curɗewa ke nan.

Fatar kai na fid da maiƙo nata na kanta, don ya shafe gashi. Amma gashinmu a murɗe yake. Masu aikin garka sun sani, ruwa ya fi saurin kai ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya bisa ga mai kwana-kwana. Haka maiƙon nan yake tsayawa gindi, bai kai bakin gashi. Shi ya sa baki ya fi bushewa, kuma daga can yake fara karyewa. Wannan ba ciwo ba ne, halitta ce. Sai dai tana son kulawa.

Sauran ɓarnar kuwa, da hannunmu muke yin ta.

Ta farko, abin wanki. Mata da yawa na wanke kai da Omo, ko sabunin wankin tufa, ko ruwan kanwa, ko ruwan toka. Gaskiya suna fid da dauɗa. Amma suna da kaifi ƙwarai. Suna kwashe maiƙon kai ƙaf, su tada ɓawon nan da munka faɗi. Ku tuna yadda hannu ke yin kaushi ranar babban wanki. Abin da anka yi don tukunya da zane, kada a kai shi ga kai.

Haka man nan na kanti da ke sakin gashi ya miƙe. Mafi yawansu akwai soda ko danginta a ciki. Yana iya ƙona fata, kuma gashin da ya sha shi bai komawa da ƙarfinshi. Wadda ta ga ba makawa sai ta sa, ta bari aƙalla wata 2 tsakani, ta sa ga sabon tohon kaɗai. Yarinya ƙarama kuwa, a ganina, ba ta da abin yi da shi.

Ta biyu, kitso ya daɗe. Nan ina so mu yi ɗan lissafi, tunda mun koya. Mutum mai lafiya na zubad da sili 50 zuwa 100 kowace rana, wasu su toho a madadinsu. In kai na kitse, waɗanda sunka tsinke ba su da hanyar faɗuwa, nan suke zama. Mu ɗauki 50. Sati 6 kwana 42 ne. 50 sau 42, nawa ke nan? 2.100. Sili dubu biyu da ɗari, ga ƙura, ga tsohon mai, duk sun taru gindin kitso. Ranar tsifa sai ki ga gashi cike da hannu, ki ce wani ya yi miki sammu. Ba kowa. Bashin kwana 42 ne ya fito rana guda. Kitso dai kada ya wuce wata guda, in ya yi nisa sati 6.

Kuma ku gaya wa makitsiya ta sassauta hannu, musamman ga goshi da gefen kunne. Kitson da ya hana barci, ko ya tada ƙuraje, yana tumɓuke gashi daga saiwa. In an bari da wuri, gashin na dawowa. In an yi shekaru ana ja, wurin ya mutu, babu man da zai tada shi, ko nawa anka saye shi. Ku dubi goshin ɗiyanku mata tun yanzu.

To, mine ne magani?

Yana bayan ɗakinku. Yoɗo ne, wanda wasu ke ce ma karkashi, wannan dai da muke miya da shi. Kakanninmu da shi sunka wanke kai, kuma sun yi daidai. Ki ɗibi busasshen ganye cikin hannu guda, ki zuba cikin ruwa mai ɗumi kamar litar 1. Ki bar shi minti 15 ko 20 har ruwan ya yi yauƙi, sa'an nan ki tace da tsabtataccen ƙyalle. Yauƙin nan shi ne aikin. Yana sa sili ya zame bisa sili, ƙulli ya kwance ba da faɗa ba. Kada ki sa mishi kanwa kamar na miya. Kuma ki haɗa na rana guda, don in ya kwana yana lalacewa. Inda babu yoɗo, ruwan dafaffen guro ma na yin yauƙi.

Ga yadda za a bi. In kin tsefe kitso, kada ki ruga ki zuba ruwa da sabuni. Nan ne mata da yawa ke asarar gashi: matattun silin nan su jiƙe, su dunƙule kamar saƙar tsuntsu, sai almakashi. Ki raba kai kashi 4 ko 6. Ki shafa ruwan yoɗo ko ɗan mai ga kashi guda. Ki fara warwarewa da yatsu, ki zare matattun. Daga nan ki ɗauko mashaci mai manyan haƙora. Ki fara daga baki, ki sauko gindi sannu-sannu. In kin fara daga gindi, duk ƙullin kike turawa wuri guda. Kashin da kin gama, ki tufke shi, ki koma na gaba. Aiki ne na haƙuri, kada a yi shi tuwo na bisa wuta.

Sai wanki. Sabuni mai laushi na wanka ya isa, ko shamfu ga mai hali. A cuɗa fatar kai da tafin yatsu, ban da farce, a ɗauraye sosai. Sau ɗaya cikin sati ɗaya ko biyu ya wadatar. Na san ruwa na da wuya wasu garuruwa, rijiya gaba ashirin ko fiye. Amma kwano biyu ko uku na yin aikin in an bi a hankali.

Sai mai. Ku riƙe wannan: mai ba ya jiƙa gashi. Ruwa ke jiƙawa, mai ya tsare ruwan kada ya gudu, kamar faifai bisa bakin tulu. Saboda haka a shafa mai tun gashi na da sauran laima. In kin laɓta mai bisa busasshen kai, ƙura kike kira. Man kaɗe na da kyau, irin wanda ake samu wajen Gaya. Man gujiya, man riɗi, man aduwa, duk suna yi. Man shanu ma na yi, in sabo ne, kuma in za a wanke shi kafin ya yi wari. Kaɗan ya isa, a fi ba baki. Da rana a ɗaura kallabi saboda ƙura. Da dare a kwana da kallabi mai santsi, don zanen auduga na shan mai.

Kada ku yi gaggawa. Gashi na ƙaruwa kamar santimeta 1 ne a wata. Mai talla da ya ce manshi na kai gashi kafaɗa cikin sati 2, kuɗinku yake so.

Akwai kuma inda mai da yoɗo ba su da amfani, sai gidan likita.

Yaron da gashinshi ya yi ja, ya yi laushi, yana fita da an taɓa, balle in ƙafafu sun kumbura, wannan tamowa ce. A kai shi awo ranar nan, kada a jira. Gashi daga abinci yake samun ƙarfi: wake, gujiya, nono, ƙwai, kifi, ganyen zogala. Mace mai ƙarancin jini ita ma gashinta na zuba. Mai jego kuwa, in ta ga gashi na zuba wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, kada ta tsorata, mafi yawa yana dawowa da kanshi. Amma in da jiri da kasala, a auna jininta.

In kan yaro ya yi tabo zagaye, fari-fari, gashin wurin ya kakkarye, makero ne. Yana yaɗuwa ta aska, da mashaci, da hula. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, sai maganin sha na makonni da likita zai bada. Ku gaya wa mazanku kowane yaro da rezarshi wajen wanzami.

Na ce akwai zancen rai. Ga shi. Ƙwarƙwata na da wuyar fitarwa daga kai mai curɗe, don mashaci bai shiga. Wasu iyaye, don su huta, sai su zuba ma yarinya maganin ƙwarin gona, ko fiya-fiya, ko kananzir. Don Allah ku bari. Gubar na shiga jiki ta fata, tana iya kashe yaro. Kananzir kuma, yarinya ta matsa kusa da murhu, wuta ta kama kai. A warware gashin yadda munka faɗi, a shafa mai, a bi shi da mashaci mai ƙananan haƙora kowane kwana 3 ko 4 har sati 2. A wanke kallabi da zanen kwana da ruwan zafi, a shanya ga rana. A duba kan duk yaran gida lokaci guda. In ba ta ƙare ba, a tambayi maganinta gidan likita.